Alhaji, Ka Dawo Mini da Mijina daga Tsibirin Taba

Zuwa ga Alhaji Garba, mai kamfanin noman taba da ke nan Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka da Hajiya da yara, da fatan Allah ya tsare mu daga wannan annoba.

Ni ce Rabi'atu, matar Malam Nura, ɗalibin digiri na uku a fannin ƙasar noma, wanda ka tura aiki tsibiri. Na kira wayarka har na gaji. Na aika dattawa, ka ce za ka duba. Na je ofishinka da goyo, mai gadi ya ce ba ka nan, alhali ga motarka a fake. Shi ya sa na rubuto a inda duk 'yan uwanmu na garin nan za su gani.

Na farko, ka tuna yadda aka fara. Har gidanmu ka zo a Semarak, ka ci tuwon da na tuƙa. Ka ce ka gano wata ƙaramar ƙasa a tsakiyar teku, talakawa ne, ga ruwan sama, ga ƙasa mai albarka. Ka ce za ta yi tabar masu kuɗi, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyenta, kuma manoman can za su fita daga talauci. Na ce ni raina bai kwanta da harkar taba ba. Ka yi dariya ka ce, "Rabi, ƙasa kawai zai gwada, ba sha zai yi ba." Hutun makaranta ɗaya ka roƙa ya yi maka. Ina da ciki a lokacin, ka kuma sani. Da aka fara raɗe-raɗin rufe iyakoki, Nura ya nemi tikitin dawowa, ka ce ya tsaya a gama dashe. Aka rufe yana can. Yau fiye da shekara ke nan.

Na biyu, tabar kanta. Tun farko ya gaya maka a gwada a 'yan gonaki kaɗan. Ya ce shuka ba ita ce wahala ba, shanya ce, domin iskar tsibirin danshi gare ta, ganyen kuma sai an busar da shi a hankali cikin rumfuna na musamman, a hannun waɗanda suka iya. Ka ce babu lokaci. Mutanenka suka bi ƙauyuka suka sa manoma suka tuge rogo da masara. Tabar ta yi kyau a gona, wannan ba zan musa ba. Amma da aka rataye ta a rumfunan ciyawa, fumfuna ya cinye ta. Ɗan abin da ya tsira, babu jirgin ruwa, babu mai saye. Daga nan ka daina ɗaukar waya. Shin ganyen taba ake dafa wa yara, Alhaji? Yanzu wani tsohon manomi ne ke riƙe da mijina a ɗakinsa, suna raba dafaffiyar ayaba. Nura ya ce mini ba ya iya ɗaga ido ya kalli mutumin, domin fuskar shi Nura manoman suka gani suka yarda, ba taka ba.

Na uku, ni da ka bari a nan. Naƙuda ta kama ni gari a kulle. Maƙwabciyata Mak Cik Salma, 'yar asalin ƙasar nan, mai sayar da kayan miya a kasuwar Chow Kit, ita ta kai ni asibiti, tana roƙon 'yan sanda a kowane shinge. Ta waya aka raɗa wa 'yarmu suna, layin ya katse ana tsakiyar addu'a. Karatun Nura ya tsaya, tallafinsa ya tsaya, takardun zamanmu kuma a jikin nasa suke. Mak Cik da aka rufe mata kasuwa ita ke rataye mini ƙullin shinkafa a ƙofa, ta ce, "Makan lah," wato in ci. Lokacin da mutane suka fara rataye farin ƙyalle a taga don neman abinci, ni ma na rataya. Ba 'yar Hausa ba ce ta fara hawo mini bene. Kai kuwa da muke yare ɗaya, addini ɗaya, ko gaisuwar haihuwa ba ka aiko ba.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne tallan da ka saka a zauren 'yan Najeriya na waya makon jiya. Hoton mijina ne, yana murmushi a cikin koren ganye, ka rubuta a ƙasa wai masani ya tabbatar da cewa gaba tana da haske, ɗalibai da malamai su zo su zuba jari. Hoton kafin ruɓewa aka ɗauke shi. Ba ka nemi izininsa ba. Ka bar shi da yunwa, kana kuma kasuwanci da fuskarsa. Ina tsoron Allah a nan?

Abin da nake nema a fili yake. Ka cire hotonsa da sunansa yau. Ka sama masa gurbi a jirgin da ke kwaso waɗanda suka maƙale, ka ɗauki nauyin killace shi idan ya sauka. Ka aika wa manoman nan irin masara da saran rogo kafin damina ta wuce su, domin Nura ya rantse ba zai hau jirgi ya bar gonakinsu fayau ba, ni kuma duk da halin da nake ciki ban ga laifinsa ba.

Na ji ranar Asabar za ka yi taron bidiyo da masu son zuba jari. Na yi rajista. Zan ɗaga hannu, in kira Nura, ya nuna wa kowa cikin rumfar da kansa.

Allah ya shirye ka, ya sa ka gyara tun kana da dama, ya kuma tsare iyalinka daga irin abin da muka gani.

Wassalamu alaikum.

Rabi'atu, matar Malam Nura
Semarak, Kuala Lumpur