Ranar da Habub Ta Tare Mu a Kan Gada

Zuwa ga ƙanena Bashir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Yaya maiɗakinka da yara, yaya ciwon ƙafar nan? Mu nan unguwar Alsawra sai godiya.

Bayan haka, cikin alhini nake sanar da kai cewa farin rawanina, wanda ya halarci duk ɗaurin auren gidanmu, ya faɗa kogin Nilu. Ba a ga gawa ba.

Ran Juma'a na matsa wa Goggo Hawa mu je barkar haihuwa unguwar Aljirif. Ta ce, "Audu, ƙirjina ya gaya mini habub, guguwar ƙurar nan, na tafe." Na ce, "Haba Goggo, ko gidan rediyo bai yi sanarwa ba."

Muna cikin bas a kan gada da la'asar, sai ga jar ƙura kamar katanga, daga ƙasa har sama, ta haɗiye Khartum. Wallahi ko tafin hannuna ban gani ba. Fukar Goggo ta tashi, ga maganin shaƙarta na sa ta bari a gida, wai ba daɗewa za mu yi ba. Wata mata ce ta jiƙa bakin mayafinta ta rufe mata hanci. Ni kuwa, duk da karatuna, sai salati. Na leƙa taga neman agaji, iska ta fizge rawanin.

Kwanan Goggo biyu a asibiti. Ta dawo, amma numfashi da ƙyar, kuma ko uffan ba ta ce mini ba. Gara ta zage ni.

Ku sa ta a addu'a. Gai da Kawu Isa da sauran dangi. Laifina ne, Bashir, ban da hujja.

Yayanka,
Abdullahi