Minti Arba'in na Baba Injiniya

Litinin, 9 ga Satumba

Yau na fara makarantar kasuwanci. Shekara bakwai ina yawo kamfani-kamfani ina dasa musu manhaja, ina gyara wadda ta lalace, ina tsugune ƙarƙashin tebur ina neman wayar da tsintsiya ta ture. In na gama sai wasu masu kwat su zo su zauna da shugaban kamfani awa ɗaya, su tafi, kuma maganarsu ce za a bi. Na gaji da ƙarƙashin tebur, kujerar nake so.

A aji kowa murmushi, kowa "mu yi musayar lamba". Wata ta tambaye ni inda na yi aiki har sau biyu, na kuma ga ta rubuta. Me za ta yi da shi? Abban yara ya ce zargin nan nawa shi zai tsufar da ni. Na ce ai a sana'armu wanda bai zargi na'ura ba shi ake fara kora.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Malamin dabarun gudanarwa ya ce mai ba da shawara da amsa yake farawa, sannan ya nemo hujja. Na ɗaga hannu na ce a inda na fito wannan sunansa ƙarya. Aji ya kwashe da dariya. Shi kuwa bai yi ba.

Talata, 21 ga Janairu

Intabiyu da kamfanin ba da shawara kan gudanarwa, na aikin gwaji na mako goma. Wanda ya yi kyau sai su ɗauke shi dindindin bayan ya gama karatu. Wata uku ina haddar yadda ake warware matsalar kasuwa, amma ko tambaya ɗaya ba su yi mini a kai ba. Sai tsohon aikina. Na san manhajar sito irin ta da? Ina jituwa da ma'aikatan kwamfuta? Matar da ta yi mini tambayoyin jan biro ne a hannunta, duk abin da na faɗa sai ta ja layi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Sun ɗauke ni. Akwai mutum huɗu a ajinmu da suka fi ni maki, an bar su. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Laraba, 4 ga Yuni

Kwana na uku a aikin gwaji. Mu uku ne: Mai Jan Biro, ashe ita ce manajar aikin, sai Dogo da ya shekara biyu a kamfanin, sai ni. An turo mu wani kamfanin rarraba kaya, aka ba mu ɗaki mai bangon gilashi a hawa na biyar.

Jiya Mai Jan Biro ta manna fararen takardu goma sha biyu a bango, kowacce da kan magana a sama, ƙasa fili. Rahoton ƙarshe ke nan, tun ba mu ga ko lamba ɗaya ba. Takarda ta tara ta ce: sashen kwamfuta zai iya aiki da mutum shida maimakon goma sha huɗu. Na tambaye ta wa ya ce. Ta ce, "Hasashe ne. Ke za ki gaya mana ko ƙarya ne. Sauka ki zauna da su, kina jin yarensu."

To, ga amsar tambayata ta watan Janairu, dalilin da ya sa suka ɗauke ni.

Talata, 10 ga Yuni

Sashen yana can ƙasa, kusa da ɗakin manyan na'urori, sanyi kamar cikin firij. In na shiga hira ta mutu. Shugabansu dattijo ne, Baba Injiniya suke ce masa, tabarau a kan hanci, ga wani tsohon abin kwance na'ura a aljihun gaba. Ya ba ni kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa. Da gangan, na tabbata. Ni ma da haka nake yi wa masu kwat.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na'urar buga takardun fitar da kaya ta tsaya, motoci sun yi layi a ƙofar sito. Mutanen Baba suna ta lalube a manhaja. Na ce a duba agogon na'urar, na taɓa gamuwa da irinta. Agogon ne. Baba Injiniya ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, me ya kai ki cikin waɗancan?" Na ce yunwar kujera, Baba. Ya yi dariya har da tari, ya sa aka canza mini wurin zama.

Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Rabon da in ji ni a gida haka tun da na bar aiki.

Alhamis, 19 ga Yuni

Wannan ba zan sa shi a kwamfutar kamfani ba. Nan kawai.

Babban aikin sashen a takarda shi ne daidaita lissafin kayan sito goma sha ɗaya kowace safiya, wai awa shida, mutum takwas. Yau Baba ya kira ni da ido, ya juyo mini allonsa. Ya ce, "Ke za ki gane wannan." Ya danna abu ɗaya. Minti arba'in, komai ya daidaita. Shirin kwamfuta ne da shi ya rubuta da hannunsa, kaɗan-kaɗan, shekara biyar, kuma wallahi aiki ne mai kyau, tsaf kamar saƙar gwani. Na yi ta tambaya yana ta nuna mini, fuskarsa kamar ta mai nuna jikansa.

Na san ciwon nan. Ka ƙera abu mai kyau, ba wanda zai gane shi a gidan gaba ɗaya, sai ga wanda ya gane. Ba ka iya riƙe bakinka.

Bai taɓa gaya wa na sama ba. Ya ce ranar da suka ji, ranar za su fara ƙirga kawuna. Sauran awannin mutanensa a sito-sito suke yinsu, suna gyaran na'urorin duba kaya, suna koya wa masu lodi, aikin da ba ya shiga kowace rajista. Da zan tashi ya ce, "Tsakaninmu fa." Na ce haba Baba.

Litinin, 23 ga Yuni

Mai Jan Biro ta tambaye ni ya ƙasa. Na ce lafiya, ina dai tattara bayani. Ta ce, "Madalla, babu gaggawa." Ita da ke ƙirga mana minti a kan komai! Ko ta sani? Ko akwai mai kawo mata rahoto daga can?

Laraba, 25 ga Yuni

Na dawo daga banɗaki na tarar da jakata ba yadda na ajiye ta ba. Dogo ne kaɗai a ɗakin. Ya ce faɗuwa ta yi ya ɗaga. Daga yau littafin nan a gida zai zauna.

Abban yara ya ce, "Ke dai kowa ɓarawo ne a wurinki. To in kin yi shiru me za ki rasa?" Na ce aikin. Wanda ya dawo daga ƙasa hannu rabbana bayan mako goma, wa zai ɗauke shi? Ya ce, "In kin faɗa kuma?" Na ce mutum takwas. Ya ce in kawo masa ruwa, wai kansa ya fara ciwo.

Laraba, 2 ga Yuli

Innalillahi. Bari in rubuta yadda abin ya faru kafin in fara gyara shi a kaina.

Mitin ɗinmu mu uku. Dogo ya tashi yana bayani cewa aikin safiya na cin awa shida saboda tsohuwar manhajar ba za ta taɓa iya haɗa sito goma sha ɗaya da kanta ba, haka aka gina ta, sai an sayo sabuwa. Ya maimaita har sau biyu, da gadara, shi da bai san bambancin waya da igiyar shanya ba. Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na ce ba, "Ba haka ba ne. Tana iyawa sarai, minti arba'in ma take yi."

Dogo ya koma ya zauna.

Mai Jan Biro ba ta ko ɗago kai ba. Ta rubuta, ta ja layi. Sannan ta ce, "Kin gani da idonki?" Da zan iya cewa hasashe ne. Amma wai ni a ce ban san abin da nake faɗa a kan na'ura ba? Na ce na gani.

Baki shi ke yanka wuya. Ba wanda ya matse ni, ba wanda ya tambaye ni. Ciwon Baba ne ya kama ni, iri ɗaya sak.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ko Dogo da gangan ya yi kuskuren? Yaron nan ba wawa ba ne. Ko ita ta sa shi, don ta san ba zan iya jin shirme a kan na'ura in ƙyale ba? Na kalle su yini guda, ba abin da na gani. Dogo har shayi ya kawo mini. Ban sha ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Kwana takwas ina bin sito-sito da ƙafata, ina ƙirga aikin da mutanen Baba ke yi wanda ba a rubutawa. Na kawo lambobi, na dage. Na zaci Mai Jan Biro za ta yi faɗa. Sai ta soke shida da jan bironta ta rubuta tara, ta ce, "Yanzu kika fara aikinmu." Ban san ko yabo ne ko zagi ba. Mutum biyar za su tafi maimakon takwas. Ina ta gaya wa kaina na ceci uku.

Ban sauka ƙasa ba tun ranar. Ta matakala nake fita, kada mu haɗu a lif.

Juma'a, 8 ga Agusta

Ranar ƙarshe. Da safe suka ba ni takardar ɗaukar aiki, in fara bayan kammala karatu. Na sa hannu.

Da rana na sauka. Tebura biyar wayam, an naɗe wayoyinsu an ɗaure. Baba Injiniya yana nan, shi ba su taɓa shi ba, ai shi kaɗai ya san kan abin da ya ƙera. Na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, har ya tambayi yara. Na fara cewa Baba, wallahi ba da niyya... Ya ɗaga hannu. "Ba ki yi ƙarya ba. Minti arba'in ne. Allah ya sanya alheri, ranki ya daɗe."

Ranki ya daɗe. Ba 'yata ba.

Na matsa kusa da teburinsa don in yi sallama sosai, sai ya miƙa yatsu biyu ya kulle allon kwamfutarsa, ko kallon madannan bai yi ba. Haka muke yi in baƙo ya tsaya a bayanmu. Ya yi mini zafi, na kusa kuka a matakala.

Sai dai akwai wani abu. Kafin allon ya rufe na riga na karanta abin da ke kai. Wani sabon shiri ne yake rubutawa, na tsara hanyoyin motocin kaya, aikin da mutum bakwai ke yi da hannu a hawa na biyu. Daƙiƙa biyu kawai na gani. Kafin in kai hawa na biyar kan maganar rahoton ya gama haɗuwa a kaina, har da adadin mutanen da za a rage.

Na rubuta shi a bayan takardar ɗaukar aikin, don kada in manta kawai. Ban gaya wa kowa ba tukuna.