Turke Na Bakwai

Zermu, Litinin

Zuwa ga Maman Lubna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da Lubna da mutanen Kara-Kara.

Rakiya, na kasa zaune na kasa tsaye. Kin sha tsokanata wai aikina ƙwanƙwasa siminti ne kawai. To, ba ki yi ƙarya ba. Turakun simintin da za su ɗauki gadar nan mita goma sha takwas suke cikin ƙasa, ba mai ganinsu. Sai in bugi kan kowanne da 'yar guduma, na'ura ta saurari amsar, kamar yadda kike ƙwanƙwasa tulu kafin ki saya. Duka sun amsa daga gindi, ban da na bakwai. Daga mita shida yake amsawa. Sau tara ina bugunsa, bai canza magana ba. A tsinke yake.

Kin san Babanki ne shugaban masu zubin siminti. Abin da ba ki sani ba, ina tsaye ranar da aka zuba na bakwai ɗin. Na ga an ɗaga bututun zubin har ya fita daga kwaɓin, laka ta samu hanya. Na buɗe baki, kunya ta rufe mini shi. Ta yaya zan gyara wa surukina a gaban ma'aikatansa? Sai na sunkuyar da kai.

Alhamis injiniya ke son takardar gwajin. In na faɗi gaskiya, Baba ya bar aikin shekara talatin. In na ɓoye, motocin gyaɗa da mutane a samansu za su bi ta kai. Tsoro nake ji, wallahi.

Mijinki,
Suma'ila

Zermu, Asabar

Maman Lubna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na miƙa takardar, na rubuta har shirun da na yi. An huda turken, yashi da laka suka fito. An sallame mu mu biyu, ni da Baba.

Ɗazu Baba ya aiko amininsa Kolo da saƙo. Wai shi ma ya ga fitar bututun, har ya ɗaga hannu zai tsayar da zubin. Sai ya waiwayo ya dube ni, ni mai karatu, ya ga kaina a ƙasa, ya ɗauka ba komai ke nan. Bai so ya nuna ya fi ni sanin aikina a gaban jama'a.

Gobe ni da Baba muna tafe gida Damagaram, mota ɗaya, kujera ɗaya. Ban san inda zan sa idona ba.

Naki,
Suma'ila