Tutar da Ta Rufe Min Fuska

Yaya Uwani,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan targaɗe a hannu. Kada ki faɗa wa Inna.

Gasar ƙwallo ta zo, Ingila ta sake haukacewa. Kowa ya maƙala tuta a gilashin mota, yana tuƙi yana danna oda. Ranar Laraba, ƙarfe huɗu da minti goma, na rubuta a littafina, ina kan babur ɗin kai saƙo, wani mai mota ya sha gabana ba sigina, ya sauke gilashi zai yi ihu. Tutar ta fizge ta rufe min fuska, na daki shinge.

Ina kwance ya fito, wai, "Haba aboki, ka yaga min tuta! Ko Faransa kake goya wa baya?"

Shekara goma sha uku ban ƙwarzani motar kowa ba, amma Litinin kamfani zai zauna a kan aikina. Nakan ce a raina ko na matse shi ne a hanya. Wallahi ban matse ba.

Ki ce wa Inna ta sa ni a addu'a, ba sai ta san dalili ba. In da hali, ta haɗa da roƙon a fitar da Ingila daga gasar tun zagayen farko.

Ƙaninki,
Ɗanlami, daga Leeds