Ka Zo Ko Na Ƙarshe a Gayya

Dayi, damina, 1968

Zuwa ga Labo, sanyin idona, inuwar ɗorawata, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar zuciyata, saurayin da sunansa kaɗai ke sa in manta tuwo a kan wuta.

Gaisuwa mai yawa, tare da begen da ya hana ni ƙiba. Bayan haka, Manu direban lori ya ce ya gan ka a tashar Funtua kana dako, idanu jajur, haƙarƙari a waje, kana magana kai kaɗai. Sai da ya duba sau biyu kafin ya gane ka. Wayyo Labo! Kai da 'yan matan Kafur ke sauke talla su bi ka da kallo?

Ka tuna gayyar da ka fara kawowa gonar Baba, shekarar da ka soma nemana? Makaɗa na kiran sunanka, garmarka na tsaga ƙasa kamar wuƙa a kabewa, ka kai ƙarshen gona samari ba su kai rabi ba. Na yi guɗa har muryata ta dishe. Ina na san farar ƙwayar nan ta kasuwa ce ke noman, ba kai ba? Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma cikin tafi. Barci ya gudu, tuwo ya fita ranka, sai burkutu da yamma don ya kwantar da abin da ƙwaya ta tayar. Mu kuwa muna ta tafa maka, har ranar huɗar bana a gonar Baba da ka yanke jiki ka faɗi a tsakiyar kuyya. Da ka farfaɗo ka kasa haɗa ido da kowa, ka bar garin ba sallama.

Masoyina, jiya aka binne Sabo abokin shanka. Zuciyarsa ce ta tsaya yana kan ɗaurin damin gero. Na tsaya daga nesa ina kallon uwarsa tana birgima, amma kai nake gani a shimfiɗe. Ina tsoro, Labo. Zan ci gaba da kasa kunne ga kowace lori, ko gawarka ta ɗauko?

Na tambayi malamin asibiti a Malumfashi. Ya ce ba sammu ba ne, ba iska ba ce, ciwo ne, kuma ana tashi. Ya ce farkon barin ƙwaya akwai kasala da baƙin rai da faɗa ba dalili, sai an nisanci kasuwa da abokan sha. Kakata Tsohuwa ta share maka ɗaki a bayan rumbunta. Ni zan dama maka fura, in sha zaginka idan abin ya motsa. In ka koma wa ƙwayar, mu sake farawa.

Dawar Baba ta fitar da kai, amma rabin kuyyar da ka faɗi a kanta na nan, ciyawa ta cinye ta. Na hana kowa taɓawa, garmarka kuma tana ɗakina. Ba na son gwarzo kuma, hasken raina. Ka zo ka ƙarasa ta a hankali, ko kai ne na ƙarshe a gayya, ko makaɗa sun watse. Ni zan tsaya, kuma zan yi guɗa.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Baturiya