Kada a Yanka Tunkiyar Kafin In Dawo

Baba,

Bayan fitarka na lura kunnen tunkiyarka mai ciki ya langaɓe gefe guda, ga dusa maƙale a bakinta ba ta haɗiye ba. Can ta fara zagaye turke, hagu kawai take bi, tana yi tana jingina kai da bango. Na kasa zama, na kira likitan dabbobi. Ya ce alamun kumburin ƙwaƙwalwa da laka ne, wataƙila daga harawar nan da ta yi fumfuna. In aka fara allura yau, ana sa ran za ta tashi. Na tafi kantin magani karɓowa.

Don Allah kada a yanka ta kafin in dawo, ko da ka same ta kwance.

Na faɗi haka ne saboda Kawu ya riga ya zo da mahauci. Wai, "Ke da digirinki za ki ja mana mushe! A yanka tun tana numfashi." Ka san ni, ko gaishe shi sai na sunkuyar da kai. Amma yau na tsaya a bakin garke na ce a'a, har sau biyu. Zai kawo maka ƙarata. Ka yi haƙuri, da yamma zan je in ba shi haƙuri.

Shi mahaucin ya dube ni, ya dubi cikin tunkiyar, ya mayar da wuƙarsa kube, ya fice ko sallama babu.