Kujerar da Ba ta Sabitu Ba

Bismillahi. Ni Lailatu 'yar Salahu ta Zangon Lome, ciwon ciki ya cinye ni, amma hankalina garau yake. Harisu da Mero, ƙannena da na goya bayan rasuwar Inna, ku saurara.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na so Sabitu, akawun kotu. Shi ke ara mini littattafan soyayya na Faransanci tun ina aikatau gidan Madam. Duk jarumin da na karanta, fuskarsa nake sa masa. Wauta!

Na ɗaya. Rijiyar gidanmu ba ta Baffa Kimba kaɗai ba ce. Da rigimarta ta kai shi da Baba kotu, ranar shari'a kumandan, Baturen mulkin da ke yanke hukunci, ya yi tafiya, sai Sabitu ya haye kujerarsa. Baba ya cire takalmi, ya durƙusa, kai a ƙasa, yana ta ranka ya daɗe, don a wurinsa duk wanda ke bisa kujera alƙali ne. Ni kuwa da bakinsa Sabitu ya sha yi mini kuka cewa aikinsa rubutu ne kawai, ba shi da ikon sauraron ƙara, ko ta akuya. Ya gan ni a bakin ƙofa. Ya san na sani. Ko kunya babu, ya ba Baffa rijiyar. Aka ja katanga, muka koma ruwan bayan gari. Ruwan ne ya sa ga ni kwance.

Na biyu. Harisu, ka raka Baba wurin kumandan a sake shari'ar. Ka gaishe shi da ladabi, amma ka ɗaga kai ka ga wanda ke zaune.

Na uku. Mero, zanen da na saya a kasuwar Asigame naki ne, da 'yan kunnen Inna. Littattafan suna ƙarƙashin tabarma. Ku mayar wa Sabitu, kada ku ce ina gaisuwa.

Na huɗu. Fushina ba ya kan 'ya'yan Baffa. In katanga ta faɗi, guga ɗaya za ku riƙa ja. Kada ku raba gidan nan. Allah ya yi muku albarka, ya raya ku.

Da na yi niyyar a tsinci takardar nan bayan an rufe ni, don kada in ga idon Baba. To, ɗazu na ga Mero tana shan ruwan bayan garin nan. Da an idar da la'asar, zan miƙa wa Liman Abdulganiyu ya karanta wa Baba, ina kwance ina ji.